Shaidar Masu Rai a Kan Uwa: Da Me Ake Auna Doguwar Rayuwa?

A al'adar Musulmin Maiduguri, kamar yadda take a sauran garuruwan Arewa, idan dattijuwa ta rasu akan taƙaita rayuwarta a jimla biyu ko uku, wato a sanar da cewa ta cika bayan gajeriyar rashin lafiya ko doguwar jinya, ta bar 'ya'ya kaza da jikoki masu yawa, sannan masu zuwa ta'aziyya su shaide ta da haƙuri da son zumunci, su roƙa mata gafara. Babu ƙarya a cikin waɗannan kalmomi, kuma addu'ar da ke biyo bayansu ita ce mafi amfanin abin da mamaciya ke buƙata, sai dai akwai abin dubawa a kan ko sun isa su ɗauki nauyin shekara tamanin ko casa'in da mace ta shafe tana renon yara, tana sana'a, tana koyarwa, tana sulhunta dangi. Tambayar tana da fuska biyu, ta addini da ta falsafa. Ta fuskar addini, ana so a san ko ambaton ayyukan uwa ɗaya bayan ɗaya hakki ne da ke wuyan waɗanda ta bari, ko kuwa ado ne da alfahari da shari'a ba ta buƙata. Ta fuskar falsafa kuwa, ana so a san ma'aunin da ya dace a auna irin wannan rayuwa da shi, tun da yake mafi yawan aikin da ke cikinta ba ya barin alamar da ido zai gani.

Matan da ake magana a kansu

Macen da aka haifa a Yerwa, wato Maiduguri, a shekarun 1930 ko 1940 ta tashi ne a garin da bai girmi kakanninta ba, domin a 1907 aka kafa shi, lokacin da Shehu Abubakar Garbai ya mayar da fadarsa kusa da mazaunin Turawan mulkin mallaka a gefen kogin Ngadda. Irin wannan mace ta ga isowar jirgin ƙasa a 1964, ta ga garin ya zama hedkwatar Jihar Arewa maso Gabas a 1967 sannan ta Jihar Borno a 1976, ta mayar da lissafinta daga fam da sule zuwa naira da kwabo a 1973, ta sha wahalar farin farkon shekarun 1970 da na 1983 zuwa 1984, ta ji ƙarar bindiga a rikicin Bulumkutu na 1982, ta ɗanɗana tsadar rayuwar da ta biyo bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986. Bayan tsufa ya kama ta sai ga rikicin Boko Haram da ya ɓarke a watan Yulin 2009, da gobarar babbar kasuwar Monday Market a Fabrairun 2023, da ambaliyar madatsar ruwa ta Alau a Satumban 2024, wadda ta maimaita ta 1994 da ƙarin ɓarna. Kusan kowane ɗaya daga cikin waɗannan al'amura ya tilasta wa mata masu yawa su bar wata sana'a su kama wata.

Kaɗan daga cikin matan wannan zamani sun yi karatun boko, suka zama malaman makaranta, musamman bayan shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya buƙaci malamai masu yawa, ko suka zama nas-nas da ungozomomin asibiti da ma'aikatan gwamnati, waɗanda bayan ritaya suka koma saye da sayarwa. Mafi rinjaye kuwa daga cikin gida suka yi nasu neman, ta hanyar haɗa turaren wuta da humra da aka san Borno da su, da ɗinkin hula, da matsar man gyaɗa, da suyar ƙosai, da lalle da kitso, da dillancin kayan ɗaki, da sarin bandar kifi daga Tashar Baga, da riƙon adashi, wato tara kuɗin mata a hannun amintacciya guda ana ba kowace kwasarta bi da bi. A kan wannan sai a ƙara ayyukan da ba a biyansu da kuɗi, irin su karɓar haihuwa, da wankan gawar mata, da biya wa yaran unguwa karatun allo. Masaniyar tattalin arziki Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa ta ƙasar Katsina, ta bayyana irin wannan ciniki na cikin gida a 1969 a matsayin kasuwa ɓoyayyiya mai girma da ƙididdigar hukuma ba ta gani. Lokacin da Gwoza da Bama suka faɗa hannun masu tayar da ƙayar baya a 2014, Baga kuma a farkon 2015, mafi yawan waɗanda suka gudo Maiduguri ba sansani suka sauka ba, a gidajen dangi da na bayin Allah suka sauka, kuma matan gidajen ne suka ƙara girman tukunya. Yawan sana'a a nan ke nan ba sha'awar tara suna ba ce, amsa ce da uwa ke bayarwa duk lokacin da buƙatar gida ta sauya.

Tunawa da mamaci shaida ce

A hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Anas ɗan Malik, an wuce da wata gawa sahabbai suka yabe ta da alheri, aka wuce da wata suka ambace ta da sharri, sai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tabbatar wa kowace abin da aka shaide ta da shi, ya kuma bayyana cewa muminai shaidun Allah ne a bayan ƙasa. Daga wannan ma'ana Hausawa ke cewa shaidar duniya ita ce ta lahira. Idan kuwa maganar da ake yi a kan mamaci shaida ce, to sharuɗɗan shaida sun hau kanta, kuma sharaɗi na farko a fiƙihu shi ne mai shaida ya faɗi abin da ya sani ta hanyar gani ko ji, ba abin da aka saba faɗa ba. Kalmar da ake furtawa a kan kowace gawa ba tare da bambanci ba tana rasa ƙarfinta na shaida, domin wanda ya ce marigayiya mai haƙuri ce bai gaya wa jikokinta abin da ta haƙura da shi ba, bai kuma gaya musu abin da ta aikata a cikin haƙurin ba. Haƙuri a Musulunci ba zaman jira ba ne, dagewa ce a kan aikin ƙwarai duk da wahala, saboda haka yabon haƙurin da bai ambaci aikin ba ya bar rabin gaskiyar a baya.

Sunnar Annabi ta nuna wata hanya dabam. Idan ya tuna Nana Khadija, wadda ta kasance uwa kuma 'yar kasuwa mai aika fatake zuwa Sham, yakan jera abin da ta yi, wato ta yi imani da shi lokacin da mutane suka ƙi, ta taimake shi da dukiyarta, kuma ta wurinta aka azurta shi da 'ya'ya, sannan yakan aika wa ƙawayenta nama idan ya yanka akuya, shekaru bayan rasuwarta. Nana Zainab 'yar Jahshi an tuna ta da cewa tana aikin hannu, tana jima, tana sadaka da abin da ta samu. Mafi jan hankali shi ne labarin baƙar macen da ke sharar masallacin Madina, wadda ta rasu aka binne ta ba a sanar da Annabi ba saboda an ɗauki al'amarinta ƙarami, da ya neme ta aka gaya masa sai ya nuna rashin jin daɗinsa, ya sa aka kai shi kabarinta ya yi mata salla. Darasin da ke cikin wannan labari ya shafi kowace uwa, domin aikin shara yana cikin ayyukan da ba a lura da su sai ranar da aka daina yin su.

Masaniyar falsafa Hannah Arendt, a littafinta na 1958 kan yanayin ɗan Adam, ta bambanta tsakanin aikin da ke samar da abu mai ɗorewa, kamar gini ko littafi, da wahalar yau da kullum da ake cinye sakamakonta nan take kuma dole a sake ta gobe. Tuwon da aka tuƙa da yamma ba ya kai safiya, tufafin da aka wanke za su sake yin datti, yaron da aka yi jinyarsa ya warke ba ya tuna daren da aka kwana ana jijjiga shi. Wannan shi ne dalilin da ya sa tarihi, wanda ya dogara da abin da ya saura, ke saurin manta uwaye. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2018 cewa mata ne ke yin kusan kashi uku cikin huɗu na aikin kula da gida da iyali da ba a biyan lada a kansa a faɗin duniya, kuma irin wannan aiki ba ya shiga lissafin arzikin ƙasa. Inda ma'aunin kasuwa da na tarihi suka gaza, shaidar waɗanda suka gani da idonsu ce kaɗai ta rage, kuma idan su ma suka yi shiru babu sauran mai faɗa a duniya.

Abin da Borno da Sakkwato suka adana

Borno tana da daɗaɗɗen tarihi na girmama uwa a hukumance. Kundin jerin sarakunan Sefuwa da ake kira Diwan ko Girgam, wanda matafiyin Jamus Heinrich Barth ya samu kwafinsa a Kukawa a tsakiyar ƙarni na 19, yana ambaton sarki tare da sunan mahaifiyarsa da ƙabilarta, abin da ba kasafai ake samu a jerin sarakuna ba. Akwai kuma sarautar Magira, wato uwar sarki, wadda ke da ƙasashe da bayi da faɗa a ji a fada, har kundin ya kawo labarin sarki Mai Biri na ƙarni na 12 wanda mahaifiyarsa Fasama ta tsare shi saboda ya zartar wa ɓarawo hukuncin kisa maimakon hukuncin da shari'a ta tanada. Amma ko a nan ana ganin iyakar tunawar, domin Aisa Kili Ngirmaramma, wadda riwayoyin baka suka ce ta riƙe mulki a ƙarni na 16 kafin Mai Idris Alauma, rubutaccen tarihin Larabci bai sa ta cikin jerin masu mulki ba. Alƙalami ya karɓi mace a matsayin wadda ta haifi sarki, ya yi nauyin karɓarta a matsayin mai aikin kanta, kuma wannan ɗabi'a ce sanarwar rasuwa ta yau ta gada idan ta lissafa muƙaman 'ya'yan marigayiya ta tsallake abin da ita ta yi.

Misali mafi cika na uwa mai ayyuka da yawa da aka adana tarihinta a wannan yanki shi ne na Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a Sakkwato a 1864. Tana ƙarama aka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a 1804, ta taso cikin yaƙi da ƙaura, ta auri Giɗaɗo ɗan Laima wanda ya zama Wazirin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ta haifi 'ya'ya maza, daga cikinsu Abdulƙadir wanda ya gaji mahaifinsa a wazirci. A cikin wannan zaman aure da reno ta yi rubuce-rubuce da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta fassara waƙoƙin mahaifinta domin waɗanda ba su jin Fulatanci, ta taimaka wajen tattara littattafansa bayan rasuwarsa a 1817, ta tsara tarihin jihadi a waƙe, ta yi musayar wasiƙu da malamai, ta kuma kafa tsarin 'Yan Taru, inda ake naɗa wa dattijuwa malfa da rawani a kira ta jaji, ta riƙa jagorantar matan ƙauye zuwa neman ilimi tana koyar da su abin da ta ɗauko. An san wannan duka ne saboda zuriyarta sun adana takardunta, musamman Waziri Junaidu wanda ya rasu a 1997, kuma daga wurinsa Jean Boyd ta samu abin da ta rubuta tarihinta da shi a 1989, kafin ita da Beverly Mack su buga tarin ayyukanta a 1997.

Abin da ya fi muhimmanci ga wannan tambaya shi ne yadda ita kanta Nana Asma'u ta tuna da matattu. Ta yi marsiyya, wato waƙar juyayi da yabon mamaci, ga ɗan'uwanta Muhammadu Bello da mijinta Giɗaɗo, amma ba ta tsaya kan manya ba, ta yi wa matan da ba su da sarauta, irin su maƙwabciyarta Halima, da Hawa'u wadda jaji ce, da Zaharatu wadda aka san ta da taimakon mata a kan gwiwa da shirya gawa. A cikin waɗannan marsiyyoyi ba ta auna matan da dukiya ko darajar mazajensu ba, ta ambaci ayyukansu na zahiri, ta roƙa musu rahama a kan su. Malama mai zurfin ilimin shari'a, a gidan da aka fi tsananta yaƙi da bidi'a, ta ga dacewar a rubuta sunan ungozoma da aikinta domin na baya su sani, kuma wannan hujja ce mai ƙarfi cewa bayyana ayyukan mace bayan rasuwarta ba baƙon abu ba ne a Musuluncin wannan ƙasa.

Ma'auni uku

Ma'aunin da ya fi yaɗuwa shi ne na 'ya'ya, wato a ce darajar uwa tana ga abin da 'ya'yanta suka zama. Yana da tushe, domin hadisin Muslim ya sanya ɗa nagari mai addu'a cikin abubuwa uku da ladansu ba ya yankewa bayan mutuwa, tare da sadaka mai gudana da ilimi mai amfani. Sai dai idan aka mayar da shi ma'auni ɗaya tilo yakan zama zalunci, domin shiriya ba a hannun iyaye take ba, kamar yadda Alƙur'ani ya nuna a ƙissar ɗan Annabi Nuhu. Maiduguri ta fi kowane gari sanin wannan, tun da akwai uwaye da suka yi tarbiyya iyakar ƙoƙarinsu amma fitina ta janye 'ya'yansu, akwai kuma waɗanda 'ya'yansu suka ɓace ba a san ko suna raye ba, har ƙungiyar Red Cross ta duniya ta yi rajistar fiye da mutum 20,000 da ake nema a Nijeriya, mafi yawansu daga Arewa maso Gabas, kuma irin waɗannan uwaye ne Hajiya Hamsatu Allamin ta haɗa a ƙungiyar Jire Dole. Haka nan ma'aunin ya bar macen da ba ta haihu ba amma ta yi reno, irin Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta daga bakinta a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950 aka buga a 1954, wadda ba ta haifi nata ba amma ta riƙi 'ya'yan dangi ta aurar da su.

Ma'auni na biyu shi ne na muƙami da takardar shaida, wanda zamani ya zo da shi, inda ake jera cewa marigayiya ta riƙe shugabancin makaranta, ta zama darakta, ta jagoranci ƙungiya kaza. Wannan ya gyara wani ɓangare na mantuwar da aka ambata, amma ya kawo nasa rashin adalcin, domin yana ganin aikin da ofis ya sa wa hatimi ne kawai, ya ɗaga malamar asibiti ya manta ungozomar unguwa, alhali kuwa jaririn da kowace ta karɓa rai ne. Yana kuma iya mayar da ta'aziyya fagen gasa tsakanin gidaje, abin da ya saɓa wa manufarta ta sanyaya zuciyar waɗanda aka yi wa rashi.

Ma'auni na uku shi ne na niyya da amana, kuma shi ne ke warware zargin da ake yi wa mai sana'a da yawa cewa ba a tauna taura biyu. Imam Ghazali ya yi bayani a littafinsa Ihya'u Ulumiddin cewa aikin halal na yau da kullum yana komawa ibada idan an yi shi da kyakkyawar niyya, kuma aiki ɗaya yana iya ɗaukar niyyoyi masu yawa ladansa ya ninku. Bisa wannan fahimta, koyarwar da uwa ta yi tana da shekara talatin, da cinikin turaren da ta kama tana da hamsin, da riƙon marayun da ta yi tana da saba'in, ba rayuwa uku ba ce da ke karo da juna, amana ɗaya ce ta ciyar da waɗanda Allah Ya ɗora mata da kare mutuncinsu, wadda ta sauya kama gwargwadon hali. Tarihin Asma'u 'yar Abubakar Siddiƙu ya nuna haka, domin ta rayu kusan shekara ɗari ta rasu a shekara ta 73 bayan hijira, ita ce ta kai guzuri a daren hijira, ita ce kuma ta ba da labarin yadda take kiwon dokin mijinta Zubairu, tana ɗebo ruwa, tana ɗinke guga, tana kwaɓa gari, tana ɗauko ƙwallon dabino a ka daga gona mai nisa, sannan ta ruwaito hadisai, ta haifi Urwatu wanda ya zama babban malamin Madina, ta ƙarfafa ɗanta Abdullahi a ranakunsa na ƙarshe a Makka. Bukhari ya adana labarin dokin da gugan a littafin da ya fi kowane inganci bayan Alƙur'ani a wurin Ahlussunna, wanda ke nuna cewa malaman farko ba su ɗauki irin wannan bayani abin rainawa ba. Matsalar wannan ma'auni ita ce niyya a zuciya take, Allah kaɗai ke ganinta, saboda haka masu rai ba su da ikon yanke hukunci, iyakarsu su faɗi aikin da suka gani su bar awon ga Mai shi.

Tsawon rai da ƙarshensa

Musulunci bai ɗauki tsawon rai a matsayin alheri a karan kansa ba, domin hadisin Tirmizi ya haɗa fifikon mai dogon kwana da kyawun aikinsa, ya kuma sanya mai dogon kwana da mugun aiki a ɗaya gefen. Alƙur'ani a Suratun Nahli da Suratul Hajji ya yi magana a kan mafi ƙasƙancin shekaru, lokacin da mutum ke rasa sanin abin da ya taɓa sani, kuma gidaje da yawa sun ga uwar da ta riƙe lissafin adashin mata hamsin a ka ta wayi gari ba ta gane 'ya'yanta. A nan ne tambayar falsafa ta fi tsanani, wato ko mutum yana nan yadda yake bayan tunaninsa ya tafi. Amsar addini ita ce ayyukansa ba a ƙwaƙwalwarsa aka ajiye su ba, kuma hadisin Bukhari ya bayyana cewa bawa idan ya yi rashin lafiya ana ci gaba da rubuta masa ladan abin da ya saba yi yana da lafiya. Suratul Isra'i kuwa ta keɓe lokacin tsufan iyaye da umarnin tausasa harshe da ƙanƙan da kai, tana haɗa shi da tuna renon da suka yi, wanda ke nuna cewa tun kafin mutuwa nauyin tunawa yake komawa kan 'ya'ya. Jikokin da ba su san kakarsu ba sai a kan gadon jinya za su ɗauka haka take tun asali, idan ba a gaya musu wace ce ita a shekarun ƙarfinta ba.

Iyakokin da shari'a ta gindaya

Akwai masu ganin cewa faɗaɗa magana a kan mamaci yana buɗe ƙofar abin da aka hana, kuma damuwarsu tana da asali. Shari'a ta haramta niyaha, wato kururuwa da marin fuska da yaga tufafi da jera kirarin mamaci cikin nuna fushi da ƙaddara, ta iyakance zaman makoki ga kwana uku in ban da matar da mijinta ya rasu wadda ke takaba wata huɗu da kwana goma, kuma malaman Maiduguri, na ɗariƙa da na Izala, sun daɗe suna saɓani a kan sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in. Akwai kuma kunya irin ta Kanuri da Hausa wadda ke ƙin fitar da sunan mace da sirrin gidanta a bainar jama'a. Sai dai abin da aka hana shi ne ƙarya da wuce gona da iri da jayayya da hukuncin Allah, ba faɗin gaskiya cikin natsuwa ba, kuma shaida ta gaskiya ita ce maganin wuce gona da iri, domin wanda ya san ainihin abin da uwarsa ta yi ba ya buƙatar ƙirƙira mata wani. Ba kuma dole ba ne a yi wannan a taro ko a rediyo, tun da yake wurin da ya fi dacewa da shi shi ne cikin gida, tsakanin 'ya'ya da jikoki. Haka nan shaida ba ta nufin mayar da uwa waliyyiya marar kuskure, domin an yi umarni da kame baki daga aibin matattu, ba a yi umarni da musanta cewa su mutane ne ba, kuma roƙon gafara da ake yi mata shi kansa iƙirari ne cewa tana buƙatarta.

Daga abin da ya gabata ana iya fitar da abin da ke wuyan 'ya'ya. Na farko shi ne su tambayi uwa tarihinta tun tana da rai da hankalinta, su rubuta ko su naɗi muryarta, musamman a garin da gobara da ambaliya da gudun hijira suka cinye takardu da hotunan gidaje masu yawa. Na biyu shi ne su sauke abin da ta bari na bashi da ajiya da kuɗin adashi kafin rabon gado, domin mace mai sana'a takan rasu da hakkokin mutane a hannunta waɗanda ba a rubuce suke ba. Na uku shi ne su ci gaba da zumuncin da ta ƙulla da ƙawayenta da waɗanda take ciyarwa a ɓoye, su kuma yi mata sadaka mai gudana, kamar yadda Sa'adu ɗan Ubada ya yi sadakar ruwa domin mahaifiyarsa bisa shawarar Annabi. Doguwar rayuwar uwa ba a auna ta da yawan shekaru, ko yawan sana'o'i, ko matsayin da 'ya'ya suka taka, domin awo na ƙarshe yana hannun Wanda Ya san niyya, amma an ɗora wa masu rai su zama shaidu, kuma shaidar da ta tsaya ga cewa ta haifa ta yi haƙuri, alhali mai ba da ita ya san ta koyar, ta yi fatauci, ta karɓi haihuwa, ta sauki baƙin da yaƙi ya koro, shaida ce da aka tauye.